Gadar Kabo Mai Walda

A Katsina Kabo ya koyi walda, can kuma ya bar rabin ganinsa, don shi mutum ne da ba ya son tabarau. Da ya dawo Madarumfa, likita ya ce in yana son sauran idon ya ajiye ƙarfe. Da ya ji, da ya huta. Amma Kabo ya ƙudurta sai ya bar wani abu a garinsu da za a nuna a ce aikinsa ne.

Akwai koramar da ke raba mutane da garakensu duk damina. Masu lambu suka haɗa ƙarfe, shi ya ba da hannunsa kyauta. Gadar da ya tsara ba irin wadda aka saba gani ba ce. Gefenta tagogi ne masu kusurwa huɗu a jere, ba ƙarfe ko ɗaya a gicciye, don kada dammunan da ke kan jaki su maƙale. Irin wannan gada, duk nauyinta a kan mahaɗa yake, sai an ƙone kowace kusurwa ciki da waje. Kabo ya tsuguna a kansu rani guda, yana hawaye yana liƙi.

'Yarsa Barira ta gaji da magana. "Baba, idon nan hwa ba a saida shi kasuwa."

"Bari in ƙare, ɗiyata."

Ya ƙare, idon ma ya ƙare. Damina biyu ana hawa ana sa masa albarka. A ta uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, korama ta ci gaɓar gabas, ta yi sabuwar hanya ta bar gadar tsaye a kan yashi. Abin tausayi, ba wanda ya iya faɗa masa.

Da kaka ya sa Barira ta kai shi. Ya bi kusurwoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsage. Har ya fara murmushi, sai ya tsaya ya karkata kunne.

"Barira, mi ya sa nike jin ruwa can gaba, ba ƙarƙashina ba?"

Daga nesa ana ta yi wa jaki tsawa ya shiga ruwa.