Hayaƙi Ne, Maigida

Jiya matar ɗana tana dakan yaji, barkono ya shaƙe ta, ta yi tari. Da furfurata da komai, sai da gabana ya faɗi. Nan take na tuna kakata.

Ina ƙaramin yaro annobar mura ta biyo jirgin ƙasa ta shigo Sabon Gari. Da tari mahaifiyata ta kwanta, da tari ta cika. Daga ranar na daina magana. Aka ba ni rubutu, aka yi mini turare, shiru. Kaka ta ɗauke ni zuwa gidanta wajen Samaru. Ba ta taɓa matsa mini ba, sai dai tsokanar jika: "Maigida, yau ma fushi ake da ni?"

Wata safiya tana hura wuta da ɗanyen itace, ƙamshin daddawa ya cika tsakar gida, sai tari ya turnuƙe ta. Na ruga na ƙanƙame zaninta, na ji muryata ta fito: "Kaka, kar ki tafi!"

Ta daɗe tana dubana. "Ashe abin da ke cin ka ke nan. Hayaƙi ne, maigida."

Tun daga ranar, duk inda ta yi tari sai ta ɗaga murya ta faɗi dalili: "Barkono ne!" "Ruwa ne ya sarƙe ni!" Har na yi gemu ba ta daina ba. Ranar da ta yi tari ba ta ce komai ba, na gane.

Allah Ya jiƙan ta, Ya kwantar mata da hankali a makwancinta kamar yadda ta kwantar da nawa.