Furar da Na Tsallaka da Ita Iyaka

Shekarar da aka rufe iyaka, ana ta raɗe-raɗin za a yi yaƙi da Nijar, ƙanwata ta haihu a Maimujiya. Daga gidanmu a Kongolam har kiran sallarsu muna ji in iska ta juyo, amma wai wata ƙasa ce. Saƙo ya iso cewa nono ya ƙi zuwa, jaririn sai kuka, gidan kuma babu ƙwayar gero.

Mu ma ba a wadace muke ba. A kasuwar Mai'aduwa masu awo sun daina sayar wa mutum fiye da tiya biyu, ko da surukinsu ne. Maigida yakan auna mini tiya ɗaya ta wuni, mu tara. Na shiga cire kashi ɗaya cikin uku ina ɓoyewa. Yara suka ce tuwo ya rame, na ce wanda bai ƙoshi ba ya ƙara da ruwa.

Kwana uku na haɗa tiya, na nufi shingen sojoji. Wani soja, sa'an ɗana na fari, ya taɓa ƙullin.

"Mama, hatsi ba ya fita."

"Na mai jego ne."

"Ko na wane ne. Oda ce."

Raina ya ɓaci matuƙa. Ina tsaye ina huci sai ga wata Bafulatana ta wuce da ƙwaryar fura a ka, ba wanda ya ce mata uffan. Ashe ɗanye ne laifi! Na koma gida na surfe, na daka, na dafa, na kirɓa, na cura fura cike da ƙwarya.

Washegari na sami sojan nan a gurin.

"Wannan fa, Mama?"

"Guzurina ne. Ko an hana tsohuwa cin abinci?"

"Ke kaɗai, duk wannan?"

"Allah ya hore mini ciki, ɗana."

Ya dubi furar, ya dube ni, ya kau da kai.

Haka na riƙa zuwa duk bayan kwana uku. Tun daga bakin titi nake jiyo kukan yaron, kukan da ke hana ni sukuni. A zuwa na huɗu na isa ƙofar gida, shiru. Gabana ya faɗi. Na faɗa ɗakin ko sallama babu.

Ƙanwata ta ɗaga mini hannu, gaban rigarta sharkaf.

"Yaya, a hankali. Yana sha."