Mai Wankan Gawa Ba Ta Zuwa Dubiya

Matan layinmu a Gyadi-Gyadi cewa suke ba na son jama'a. Wai ba na zuwa biki, ba na zuwa suna, kullum ƙofata a rufe. Su yi ta faɗa. Ni na san abin da ya zaunar da ni a ɗaki, kuma har gobe haushinsa bai sake ni ba.

Wankan gawa na koya a wajen mahaifiyata, saboda Allah. Duk macen da ta rasu, daga nan har Unguwar Gano, ni ake nema. Da farko addu'a ake yi mini. Sannu a hankali na lura in na je gidan biki ba a sa ni rabon abinci. In na miƙa hannu zan ɗauki jariri a gidan suna, sai uwar ta ce yanzun nan ya yi barci. Idonsa biyu fa, yana kallona!

Na haɗiye duk wannan, don ina da ƙawa guda da ba ta taɓa ƙyamata ba. Tun muna amare muka saba. Kwano ɗaya muke ci, tana tsokanata wai kaf garin nan babu wadda ta kai ni wanke hannu.

Da ciwo ya kwantar da ita, 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta a Tarauni. Na dama mata kunun tsamiya, na hau adaidaita sahu. A soro 'yar ta tare ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi kunun, amma ba ta matsa daga bakin ƙofa ba.

"Inna, don Allah kada ki ji haushi," ta ce. "Jikin ya yi tsanani. Dangi na ciki, in suka gan ki hankalinsu zai tashi. Ki bari ta ɗan samu sauƙi."

Yarinyar da na goya a bayana! Ina tsaye ina jiyo tarin uwarta daga ɗaki.

"Ita ta ce kar na shiga?"

"Ba ta ma san kin zo ba, Inna."

Wallahi ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba. Na juya na koma gida, kuma daga nan na daina shiga gidan kowa sai an aiko.

Aiken bai jima ba. Yarinyar nan ce da kanta ta zo, ido jawur, mai adaidaita na jira a waje. Da muka isa, tsakar gida cike da mata, kowa na rige-rigen cewa, "Ku ba Inna hanya, ku ba ta hanya." Har da mai ɗaga mini labule.

Na shiga, na tura ƙofa. Ƙawata ta rame ƙwarai, da ƙyar na gane ta. Na zauna a gefenta, na riƙe hannunta, na ce, "Na zo duba ki fa rannan. Hana ni shiga aka yi."

Sannan na ce a miƙo ruwan wanka.