Inna Kulu da Nisan Makka

Duk wanda ya san kakata Inna Kulu a Gwashi ya san ba ta auna tafiya da agogo. Da salla take aunawa. In ka ce za ka Gummi, sai ta lanƙwasa yatsanta mai jan lalle ta ce, "Salla biyu ce, in damina ce uku." Ni dai ina gefen tabarma ina tsince mata wake, ina kallon yatsun.

Ranar da Babana ya samo mata kujerar hajji aka yi ta. Ta tambaye shi salla nawa ce daga Sakkwato zuwa Jidda.

"Inna, ko awa biyar ba a cikawa. Ki yi azahar a nan, magariba a can."

"Mi kac ce? Makka ta hi Anka kusa ke nan? Kai, Sani, tun kana yaro kake da ƙarya!"

Ta rantse ba za ta ba. Wai kakanta da jaki ya tafi, ya dawo da furfura. Makkar da ake isa kafin tuwo ya huce, wannan wani gari ne aka shafa wa farar ƙasa. Baba ya rame, don ƙafafunta sun fara kumbura, kowa ya san in ta bar bana, da wuya baɗi.

Maƙwabciyarmu Hajiya Tumba ta zo lallashi, tana ta washe haƙorin Makka. Inna ta leƙa bakinta da kyau ta ce, "Wanga haƙori, ko a kasuwar Gummi ana sa shi."

Hajiya ta yi fushi ta ce to ta je ta gani mana. Inna ta ce, "Za ni! Don in kama ku." Ta yi alwashin ba za ta runtsa ba, sai ta ƙirga kowane gari ta tagar jirgi.

Ranar tafiya Sakkwato, sai ga ruwa ya cinye hanyarmu. A babur aka fitar da ita, aka sa ta kwalekwale, sannan motarsu ta lalace bayan Gummi, suka kwana a gindin tsamiya. Da ta shiga jirgi kuwa, abokan tafiyarta sun ce tun bai ɗaga ba take minshari, sai a Jidda aka tashe ta.

Da ta dawo gida ya cika. Na yi ta maza na ce, "Inna, Makka da nisa?"

Ta ce, "Makka nan kusa take, ɗiyata. Sakkwato ce Allah ya kai ƙarshen duniya."

Ba ta ga wata daminar ba. Allah ya karɓi hajjinki, Inna, ya yalwata miki makwanci.