Harsashin Baba Sale

Ranar da Baba Sale ya shigo mana da takardar saitinsa, wadda yake auna harbi a kanta, a naɗe a hammata, har yau ba ta bar raina ba. Lokacin ina mataimakin mu'allim, wato babban makanikin bindigogi na wani kulob ɗin harbi mai lasisi a bayan garin Jidda. Aikinmu gyara da gwada bindigogin wasa na mambobi.

Baba Sale tsohon ɗan unguwar Ammariyya ne, a nan aka haife shi, ya tsufa yana wasan harbi. Ya sa an yi wa bindigarsa sabon bututu, tun daga nan harbinsa ya lalace. Da ya shiga alwala sai ɗansa Faisal ya ja ni gefe.

"Ya akhi, ka ce masa bindigar ta mutu, halas, magana ta ƙare. Hannunsa rawa yake, ya ƙi yarda. Duk fita sai ya dawo ya ƙi cin abinci."

Na ce sai na duba tukuna.

Da na buɗe takardar sai na ga ramukan ba zagayayyu ba ne, dogaye ne, alamar harsashi a kwance yake isa. A cikin bututun bindiga akwai zane a murɗe da ke juya harsashi, kamar yadda yara ke murza katantanwa ta tsaya cak. Harsashi dogo mai nauyi yana son murɗi matsattse. Na zura sandar goge bututu na ga yadda take juyawa: murɗin sakakke ne, shi kuwa tsohon yana nan kan masu nauyin da ya saba da su. Na kai wa mu'allim, ya sake aunawa, ya ce a gwada marasa nauyi.

Ƙa'idarmu, a fara ɗaure bindiga a kan teburin gwaji domin a cire hannun mutum daga maganar. Mu'allim ya harba, ramukan suka taru wuri guda, kowanne zagayayye.

Baba Sale ya dubi ɗansa. "Ka gani ko? Yalla, a ba ni."

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya harba nasa. Na je na ciro takardar, ina tafe ina jan ƙafa. Ramukan sun zagaye sarai, amma a warwatse suke, ɗaya ma a can bakin takarda.

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Ɗana, akwai wani harsashin da za a gwada?"

Na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ya ammi, na bindiga ya gyaru. Babu saura."

Ya gyaɗa kai. Ya goge bututun da kansa, a hankali, ya mayar da bindigar gidanta, ya tambayi mu'allim yadda ake mayar da lasisi sunan Faisal. Faisal ya juya baya yana share ido da gefen shimaginsa, ƙyallen da ya yafa a ka.

Tsohon bai daina zuwa ba. Duk Asabar yana bayan ɗansa a kujera, yana yi masa faɗan yadda yake riƙe numfashi.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, za a riƙa kawo muku bindiga alhali ba ita kaɗai ke da damuwa ba. Ku gyara na ƙarfe har ƙarshe, kada ku ɗora masa laifin da ba nasa ba, kada kuma ku ɗora nasa a kan mutum. Abin da ya rage, mai ita zai gani da idonsa, kuma ya fi sauƙin haɗiyewa idan ba a yi masa ƙarya ba.