Igiyar da Na Hana a Shafa

Ni na yi kuskure, kuma ina so a san haka tun daga farko, don mutanen Gumel su daina ɗora wa Sale laifin da ba nasa ba. Sunana Ilu, yasar rijiya ce sana'ata, karatuna bai wuce na allo ba. Bazarar bana ciwon ƙafa ya kwantar da Baba Gambo, wanda ya koya mini aikin. Sai ya damƙa mini jakuna biyu da kayan aiki da samari uku masu koyo: Habu, da Tanko, da Sale ƙanen Habu, wanda shi ne ƙaraminsu. Ya ce in zaga da su garuruwan da aka aiko a yashe musu rijiya.

Baba yana da wata al'ada da muke kira zaman igiya. Da safe, kafin kowa ya shiga rijiya, a zauna a kewaye, igiya ta bi ta hannun kowa daga wannan baki zuwa wancan, kowa ya faɗi aikinsa na ranar da abin da yake tsoro. Da yamma a sake zama, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ƙarami ke farawa, shugaba ne ƙarshe. Da za mu tashi Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Ilu, kome za ka bari, kada ka bar zaman. Kuma ka kame bakinka sai sun gama." Na ce to. A raina kuwa na ce surutun tsofaffi ne.

Gumel zuwa Gagarawa

Muka fito bayan sallar asuba. Dogarin ƙofa ya leƙa mangala, ya ga igiya da guga da dagi, ya ce, "Masu shiga rami tun da ransu. Ku wuce." Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, namu ramin ana fitowa." Hanya yashi ce zalla. Muka bi bayan wani ayarin gyaɗa da ya nufi Kano, inda aka ce jirgin ƙasa ke kwasa. Da rana ta take muka sha furar anini anini a wata ruga, muka isa Gagarawa da la'asar. Mai unguwa ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka.

Da safe muka yi zaman, a gurguje. Habu ya shiga, Sale da Tanko suna ja. Gungumen da aka gicciya a bakin rijiyar yana da wata tsaga mai kaifi, igiya tana ta gogarta, ni ban kula ba. Muna cikin aiki sai ga manzo daga Maigatari: hakimi yana so a yashe babbar rijiya kafin kasuwar Alhamis. Nan kaina ya kumbura. Na fara jin yadda za a riƙa cewa Ilu ne ya yi, ba Gambo ba.

Da yamma da muka zauna, sai na riga kowa. Na ce, "Aikin yau lafiya lau, ba wata matsala. Ko da mai magana?" Suka dubi juna. Sai yanzu na gane dalilin Baba. Ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya musa wa babba magana a gaban mutane. Da na ce lafiya lau, na riga na ɗinke bakin kowa. Duk da haka Sale ya yunƙura, ya ce, "Yaya Ilu, dama igiyar nan..." Na ce, "Igiyar me? Ita ma a ba ta fili ta yi jawabi?" Tanko ya kwashe da dariya. Sale ya sunkuyar da kai.

Sule Tankarkar

Wannan zangon ya ba mu wuya. Zafi ya sa jaki ɗaya ya kwanta a hanya, sai da muka raba kayansa a kawunanmu. Wani maƙeri ya sauke mu, ya wasa mana dagi bai karɓi kome ba, matarsa ta aiko da dambu. Ya tambaye ni, "Ina tsohon? Shi da ba ya shiga rijiya sai ya tara yara kamar mai wa'azi?" Na ce, "Wannan karon aiki muka zo yi."

Gari na wayewa na ce Habu ya ɗaura ya shiga. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ba za a shafa igiya ba?" Na ce, "Shekaranjiya ba ku shafa ba? Gara ce ta cinye ta kafin safiya?" Ya shiga. Rijiyar ba ta da zurfi, muka gama kafin azahar, ba abin da ya faru. Wannan ma ya ƙara mini taurin kai. Zaman yamma kuwa ban ma ambace shi ba, na ce a ɗaure kaya. Ina gyara wa jaki akumari Sale ya zo ya tsaya a bayana, ya ce a hankali, "Yaya, in faɗi nawa?" Ban ko juyo ba. Na ce, "Ka adana, in mun koma Gumel ka faɗa wa Baba, shi ke son labari."

Maigatari

Muka isa ran Laraba da hantsi. Garin yana bakin iyakar Faransi, dogarai suka tambaya ko muna ɗauke da kanwa ko gishiri, suka ga babu, suka sake mu. Shanu da raƙuma daga Damagaram sun riga sun kewaye rijiyar suna jira. Ta ninka waɗanda muka baro zurfi. Ban bar yaran sun ko huta ba. Habu ya sauka, Sale da Tanko suka kama ja, ni kuwa na koma inuwa wurin wakilin hakimi ina ba shi labarin gwanintata.

Guga cike da laka ya kusa fitowa, igiya ta tsinke. Ƙarar da na ji daga ƙasa har yau tana kunnena. Wani Buzu ya kwance igiyar raƙuminsa, aka ƙulla da ta makiyaya, na sauka. Na tarar da Habu da rai, gugan ya faɗa masa, kafaɗarsa ta dama ta ragargaje. Da muka fito da shi mutane suka taru, wakilin hakimi ya ce, "Garin yaya?" Na dubi Sale, guntun igiya na hannunsa, tafinsa duk jini. Na ce, "Wannan ne ya saki." Ya sunkuyar da kai. Tanko kuwa ya ƙura mini ido.

Maɗorin garin ya ɗaure kafaɗar da karare, ya ce mini a gefe, "Zai rayu. Amma ya gama shiga rijiya."

Komawa Gumel

Muka ɗora Habu a jaki, muka biyo hanyar kudu a hankali. Magana ta riga mu isa ta bakin 'yan kasuwa. Innarsu ta tarye mu a ƙofar gida, ta rungume Habu, ba ta ko dubi Sale ba. Da ya gaishe ta sai ta ce, "Hannun da ya saki ɗan'uwansa kada ya shiga akushina." Ina tsaye na ji, na juya na kama hanyar gidana.

Washegari Baba ya aiko a kira mu. Ya sa aka ajiye guntun igiyar a tsakiya, ya bi da ita ta hannun kowa. Wurin da ta tsinke ya siɗe, ya yi laushi kamar abawa. Ko makaho ya taɓa zai sani. Ya ce, "Ƙarami." Sale ya faɗi yadda ya ji ta sirance tun Gagarawa, da yadda ya nemi magana aka hana shi. Tanko ya ce haka aka yi, kuma shi ma ya yi dariya. Baba bai zage ni ba. Ya ce, "Yanzu kai ne, Ilu." Na kawar da kai. Ya jira, ya jira, sannan ya ce a mayar da jakunan garkensa, in ajiye masa dagi a zaure.

Ina gode wa Buzun da ban san sunansa ba, da maɗorin Maigatari, da Allah da Ya bar Habu da numfashi. Hannunsa har yau ba ya wuce ƙirji. Sai da na yi Juma'a biyu ina kewaye unguwarsu kafin na iya yin sallama. Na tarar da Inna tana ba Habu kunu a baki, Sale yana can bakin turke shi kaɗai. Na cire takalmi na durƙusa a tsakar gida, na ce:

"Inna, Sale bai saki igiya ba. Ya ga ɓarnar tun da wuri, ni na rufe masa baki, sannan na yi masa ƙarya a gaban jama'a don in tsira da sunana. Habu, hannunka yana wuyana. Sale, ka zo ka ci abinci a akushin uwarka. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya ba, ba ka yi laifi ba."