Kawunan Raguna Bakwai a Ɗakin Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baba makwancinsa, kuma bana ce ta fi kowace shekara hana ni sukuni. Wata malama da muke koyarwa tare a unguwar Maamobi ta Accra ce ta jawo. Muna hutun tara ta miƙo mini wayarta, wai in kalli wani shiri a kan mutanen Nazka, waɗanda suka rayu a hamadar Peru tun zamanin da. Suna yanke kan mutum, su busar da shi, su huda goshin su zura igiya, su kafe leɓɓan da ƙaya. Ina ganin hudar nan da igiyar, sai na tuna ɗakin Baba, domin na san irin wannan aikin tun ina ƙarama.

Baba mahauci ne a kasuwar Nima. Daga wani ƙauye na Nijar ya zo Accra yana saurayi, ba uwa ba uba, ba wanda ya san gidansu. Mu bakwai ya haifa, kuma duk ragon da ya yanka ranar sunan ɗayanmu, ba ya barin a fasa kan. Shi zai dafa shi, ya kankare ƙashin tas, ya shanya a kan rufin kwano, ya huda goshin da ƙusa mai zafi, ya ɗaura igiya ya rataye a katakon rufin ɗakinsa. Mutum ne mara son magana, mu kuma tsoronsa muke ji, saboda haka ba wanda ya taɓa tambaya.

Unguwa ce ta amsa a madadinsa. A gidan haya mai ɗaki ashirin ba abin da ke ɓuya. Aka ce tsafi ne, da shi yake jawo ciniki. Mai kawuna ake ce masa a bayan ido, har wasu suka daina bin sa salla in liman bai zo ba. Ranar sadakar uku babban wanmu, Yaya Sani, ya hau kujera ya yanke igiyoyin, aka zuba a buhu aka kai babban lambatun Nima. Cewa ya yi yana tsarkake sunan Baba.

A shirin nan, an ce da farko masana sun ɗauka kawunan na abokan gaba ne, alfaharin yaƙi kawai. Daga baya wasu suka lura da zanen tukwanensu, inda tsiro ke fitowa daga bakin kan, suka ce roƙon ruwa da amfanin gona ne, kuma wataƙila kawunan na 'yan gida ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗancan masanan ba su da wanda za su tambaya. Mu kuwa mai amsar yana zaune a tsakar gida yana wasa wuƙa, muka yi ta ratsa shi muna wucewa.

Da aka tashi makaranta na hau motar haya, trotro, sai wajen Inna, mahaifiyarmu. Na same ta tana tsince wake. Na ce, "Inna, don Allah kawunan nan na Baba, na mene ne?"

Ta ɗaga kai ta dube ni. "Sai yau, Hajara?"

Ta ce tun kafin a haife mu, faɗa ya haɗa Baba da wani a mayanka, mutumin ya ce masa a gaban jama'a, wa ya san ko an yanka maka rago? Ma'ana shege ne. Baba ba shi da dangi ko ɗaya a ƙasar nan da zai ƙaryata. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. "Ya ce mini, nawa 'ya'yan ba mai gaya musu haka. Wanda ya yi gardama, a kai shi ɗaki ya gani da idonsa."

Na ce me ya sa ba ta hana Yaya Sani ba. Ta ce tana takaba, wa ya nemi bakinta?

Na kasa zama tun ranar. Nima ta canja, benaye sun cinye gidajen dā, kowane jariri yana da takardar haihuwa, ragon suna ma a waya ake nuna wa dangi. Da Baba zai ga wannan, ina jin da ya yi tsaki, ya ce hoto ai ko ragon maƙwabci a iya ɗauka. Amma tsofaffin unguwar da suka rage har gobe mai kawuna suke kiransa, shi ya sa na rubuta wannan, ko da mutum biyu ne su karanta su daina.

Bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya bari shi ne ba a taɓa jifan ɗayanmu da kalmar da aka jefe shi da ita ba. Kuma kada a ɗora wa Yaya Sani shi kaɗai. Ni na riƙe masa bakin buhun. Na gane nawa, na biyar daga ƙofa, na kuma ji daɗi da ya faɗa ciki. Allah ya gafarta maka, Baba. Ni ma ka yafe mini.